Baba Ishaya da Allurar da Ta Tsaya a Ɗari Biyu

Duk wanda ya saba bin hanyar Zawaciki zuwa Challawa da sassafe ya san shi, ko da bai san sunansa ba. Dogon dattijo ne siriri a kan baƙin keke, da jakar fata rataye a wuya, yana tuƙi bakinsa na motsi. Wasu sun ɗauka addu'a yake yi. Lissafi ne. Yana isa ƙofar masaƙa zai jingine keken ko kullewa ba ya yi, kuma ba ya shiga ɗakin gyara sai ya zaga injuna tukuna, yana dafa kowane akwatin wuta da bayan hannu kamar uwa mai duba zazzaɓin ɗanta. A tsaye yake shan shayi. A tafe yake amsa gaisuwa, sai mai gaisuwar ya bi shi da sauran. Kamfani ya taɓa saya masa kujera mai juyawa, washegari aka tarar ya ɗora mata tsohon mita da naɗin waya.

Sunansa Ishaya Didam, mutumin wani ƙauye a gefen Zonkwa, amma a Challawa Baba Ishaya kowa ke ce masa. Ƙarshen wannan wata zai ajiye aiki, yayin da shekarar 1989 ke shirin ƙarewa. Ba zan iya barinsa ya ɗaure kayansa shiru ba.

A Bompai ya fara, farkon shekarun saba'in, a wani kamfanin alawa. Aikinsa jan waya ne da ɗaura fis da naɗa wayar motar inji in ta ƙone. Ya iya wannan har ya gundure shi. Da aka buɗe masaƙa a Challawa ya koma can, nan kuma ya gamu da abin da ya hana shi sukuni. Sababbin injunan sun zo da akwatuna a rufe, a cikin kowanne akwai koren allo mai ɗauke da 'yan ƙananan abubuwa kamar tsabar gero. In allo ya mutu ba a gyarawa. A zare shi, a jefa a kwali, a aika ƙasar waje a kawo sabo. Ishaya ya riƙa kwashe matattun yana kai su gida yana jujjuyawa. Matarsa Dorkas ta ce har a cikin kwandon tufafinta ta taɓa samun guda.

"Baban Tabita, wannan kuma na mene ne?"

"Ban sani ba tukuna," in ji shi. "Abin da ke damuna ke nan."

Sai shekarun tsuke bakin aljihu suka zo. Lasin shigo da kaya ya yi wuya, jirgi ya daina kawo alluna. A Sharada da Bompai kamfanoni suka shiga rage ma'aikata, ba don injunan sun tsufa ba, sai don wani abu da bai kai tafin hannu ba ya ƙi aiki. Mutum zai fito da safe da kwanon abincinsa, ya koma gida kafin azahar da takardar sallama.

A tsakiyar wannan ne aka ɗauko wani saurayi, Injiniya Inuwa, wanda bai daɗe da gama jami'a a Zariya ba. Sa'an ɗan Ishaya na fari ne. Ishaya ya kafa masa naci. Ya bi shi ofis, ya bi shi wurin cin abinci, ya tsaya yana jiransa a ƙofar masallaci da mataccen allo a hannu. Abu ɗaya yake nunawa kullum: wani ɗan baƙin abu mai ƙafa takwas, kamar ƙwaro ya lafe. A makaranta opam ake ce masa, Ishaya kuwa ƙwaro ya sa masa, sunan kuma ya bi shi a masaƙar har yau.

Wata rana Inuwa ya gaji da guje-guje, ya ɗauki alli ya zana alwatika a jikin ƙofar ƙarfe.

"Baba, wannan ƙwaron ba ya ƙirƙirar komai. Abin da aka raɗa masa a kunne shi yake faɗa da ƙarfi. 'Yar wuta kaɗan ta shiga ta nan, mai yawa ta fito ta can. Tambayar kawai ita ce sau nawa zai ninka ta."

"To, wa ke gaya masa sau nawa?"

"Waɗannan biyun." Ya nuna wasu 'yan abubuwa masu zanen launi, waɗanda ake kira resista, masu rage gudun wuta. "Ɗaya babba, ɗaya ƙarama. Ka raba babbar da ƙaramar, ka ƙara ɗaya. Abin da ka samu, da shi za ka ninka wutar da ta shiga. Idan babbar dubu goma ce, ƙaramar dubu ɗaya?"

"Goma. Da ɗaya, sha ɗaya."

"Rabin bolt na wuta ya shiga. Nawa zai fito?"

Ishaya ya kalli rufi, leɓensa na rawa. "Biyar da rabi."

"Mu gwada."

Suka haɗa a kan tebur, suka ɗora mita. Allura ta tashi ta tsaya cak a kan biyar da rabi. Waɗanda ke wurin sun ce dattijon zabura ya yi ya zaga teburin, ya dawo ya sake leƙawa, ya sake zagawa. Mutum mai furfura a gemu yana dariya kamar an yi masa albishir da haihuwa. Abin da ya girgiza shi, kamar yadda ya gaya mini daga baya, shi ne wai mutum zai iya sanin abin da wuta za ta yi tun kafin ya kunna ta.

"Akwai wani abu kuma, Baba," in ji Inuwa yana goge allin a wando. "Ba ya iya fitar da fiye da wutar da aka ba shi ya ci. Ko kaiwa ba ya yi."

Ishaya ya ce to. Amma hankalinsa na kan allura.

Daminar 1985, ana saura 'yan makonni Babbar Sallah, allon injin busarwa ya mutu. Wannan injin dogo ne kamar jirgin ƙasa, atamfa na shiga a jiƙe ta fito a bushe, iska mai zafi na kaɗawa a cikinsa. Allon shi ke sauraron zafin, ya nuna shi a allura, ya kashe wuta in ya kai inda ake so, ya kuma tsayar da injin ɗungum in zafi ya yi yawa. Ba shi, ba busarwa. Ba busarwa, rini ya tsaya. Manaja ya tara shugabannin sassa ya ce in ba a samu mafita ba zai rufe sashen rini, mutum sama da ɗari su tafi gida su jira.

Ishaya da Inuwa suka roƙi a bar su su gwada haɗa nasu. Daga matattun allunan nan na gidan Ishaya suka ciro ƙwaro mai rai. Lissafin bai yi wuya ba. Wayar da ke jin zafi a cikin injin tana ba da wuta 'yar mitsitsiya: a zafin da ake busarwa, awo ɗari da casa'in, kashi goma ne kacal cikin dubu na bolt ɗaya. Suka zaɓi resista biyu da za su ninka ta sau dubu, ta zama bolt goma. Ana cikin aikin aka tura Inuwa Legas neman kayan gyara, ya bar wa Ishaya ƙarasawa. Ranar Asabar ya ɗaura allon. Injin ya yi gurnani, allura ta hau a hankali, ta kai ɗari da casa'in, wuta ta ɗauke da kanta. Zafi ya sauka, ta dawo. Atamfa ta fito a bushe tana sheƙi. 'Yan rini suka yi ta ihu, wasu suka nemi ɗaga shi sama ya zille.

Washegari Lahadi, kuma ba ƙaramar Lahadi ba ce a gidansa. Bayan an taso daga coci, dangin wani saurayi mai suna Filibus za su zo neman auren 'yarsa Tabita. Dorkas ta kwana biyu tana shiri. Ta goge masa babbar rigarsa fara, ta kuma ja masa kunne.

"Yau dai, don Allah, ka zauna wuri ɗaya. Kada ka tashi sai mutane sun tashi."

Ya zauna. Aka shimfiɗa tabarmi, aka kawo ruwa da goro, aka yi addu'a. Kawun Filibus, dattijo mai jan magana, ya fara daga kakanni. Ishaya na gyaɗa kai, amma yatsansa na rubutu a kan gwiwa. Masaƙa na aiki yau saboda odar Sallah. Yana jin daɗin sake bin lissafin jiya a zuci, kamar mai tsotsar ƙashi. Ɗari da casa'in, bolt goma. Daidai. To, inda aka ce injin ya tsaya don gudun gobara fa? Ɗari biyu da talatin. Wannan zai ba da kashi sha biyu da ɗoriya. Sau dubu, bolt sha biyu da ɗoriya.

Yatsan ya tsaya.

Bolt sha biyu suke ba ƙwaron ya ci. Kuma ko kaiwa ba ya yi. A wajen goma da rabi zai ƙare. Ma'ana, da zarar zafi ya kai kusan ɗari biyu, allura za ta tsaya nan, ko da cikin injin ya zama maƙera. Mai tsayar da injin ba za ta taɓa jin komai ba. Jiya bai gwada ba, domin jiya ba wanda ya wuce ɗari da casa'in. Amma damina ce, yadi na zuwa da laima, kuma ya san halin masu neman cika oda. In wani ya murɗa ya nemi ɗari biyu da goma, allon zai yi ta jiran zafin da ba zai taɓa gani ba, wuta kuwa ba za ta ɗauke ba.

Ya miƙe tsaye kawun na tsakiyar magana.

"Ku yi mini gafara. Ku yi mini gafara, don Allah."

Dorkas ta tare shi a bakin ƙofa, murya ƙasa-ƙasa, idonta ya kawo ruwa.

"Baban Tabita, kada ka yi mana haka. Mutanen nan daga Kafanchan suka taso. Me zan ce musu?"

"Ki ce musu na yi kuskure a wurin aiki, akwai mutane a gindinsa."

"Ba ya jira gobe?"

"Maman Tabita, ban san ko zai jira la'asar ba."

Ta dube shi, ta saki hannun rigar. Ta bayan uwarta ya hango Tabita ta rufe fuska da mayafi. Ya ce wannan ganin ya fi komai ci masa rai, amma bai tsaya ba.

Hanya ta jiƙe da ruwan safe. Ya taka keke cikin taɓo da babbar riga, iska na cika ta tana ja da shi baya. Sarƙa ta kama gefen rigar, ya fizge, ta yage har gwiwa. Yana tafe yana sake lissafin ko Allah zai sa ya ga shi ne ya ruɗe. Kowane karo amsa ɗaya take fitowa. Mai gadi ya ga wani mutum ya shigo a guje jikinsa duk laka, sai da ya wuce ya gane ko wane ne.

Tun daga bakin zauren injuna ya ji ƙauri. A gaban injin busarwa Ashafa ne ke aiki, wani magidanci daga wajen Ringim mai 'ya'ya ƙanana. Helluma Uba, shugaban sashen, na tsaye a kansa. Tun da hantsi yadi ke fitowa da damshi, Uba ya ce a ƙara zafi. Ashafa ya murɗa zuwa ɗari biyu da goma. Allura ta hau ta tsaya a ɗari biyu ta ƙi gaba. Suka ɗauka injin ne ke nawa, suka ƙara murɗawa.

"Kashe! Ashafa, kashe!"

Bai jira ba, shi ya kai wa jan maɓalli duka. Ya ruga gefe ya rufe famfon man da ke hura wutar injin. Atamfar da ke fitowa ta riga ta yi ja kamar an toya, gefenta na murmushewa. Ishaya ya naɗe hannu da yagaggiyar rigarsa ya fizgo ƙofar gefen injin. Hayaƙi ya bugo shi. A ciki, ƙurar audugar da ta taru a bututun iska ta riga ta kama, jan garwashi na bin ta a hankali zuwa sama, inda bututun ya ratsa rufin da ke kan ɗakin ajiyar yadi. Aka kawo tukwanen kashe gobara, aka yi ta fesawa har ta mutu. Sai a lokacin ya lura tafin hannunsa na dama ya saluɓe.

Uba ya juya kan Ashafa.

"Kai wane irin mutum ne? Ba ka da hanci? Ka ƙone yadi, ka kusa ƙone mu! Ka tattara naka, gobe kada in gan ka!"

Ashafa ya durƙusa. "Wallahi allura nake bi, ranka ya daɗe. Ga ta nan, ɗari biyu take nunawa."

"Gaskiya ya faɗa," in ji Ishaya, yana riƙe da hannunsa. "Allurar ce ta yi masa ƙarya, ni kuma na sa ta. Uba, ka rubuta sunana."

"Baba, ka san abin da kake faɗa? Manaja ba zai..."

"Na sani. Ka rubuta."

Ba wanda zai taɓa ganewa in da ya yi shiru. Inuwa na Legas. A duk masaƙar babu mai iya buɗe akwatin nan ya ce ga inda aka kuskure. Da an sallami Ashafa, da shi kuma ya lallaɓa ya gyara abinsa, a ci gaba da yi masa kirari.

Kai ne, Baba Ishaya, ka tsaya gaban manaja ranar Litinin da hannu a naɗe, ka ɗauki alli da hagu, ka zana masa kuskurenka dalla-dalla don kada ya ɗora shi a kan wani. Kai ne aka dakatar, aka hana ƙarin girman da kowa ya san naka ne a shekarar, ba ka yi ƙorafi ba. Abu ɗaya ka roƙa, a bar ka ka gyara kafin ka tafi.

Inuwa ya dawo ya ji labari, ya wuce ofis kai tsaye ya ce shi ma da hannunsa, domin tare suka zaɓi dubun. Manaja ya rage dakatarwar, amma bai janye ba. Su biyun suka koma kan allon. Suka sauya babbar resistar, ninkin ya dawo ɗari biyar. Yanzu ɗari da casa'in bolt biyar ne, ɗari biyu da talatin kuwa shida da 'yan kai, can ƙasa da inda ƙwaron ke ƙarewa. Suka sake daidaita allura da mai tsayarwa. Wannan karon Ishaya bai yarda da takarda kaɗai ba. Ya sa aka zare wayar jin zafin, ya tsoma ta a tukunyar mai a kan risho, ya yi ta ƙara wuta yana kallo har injin ya tsaya da kansa. Ya sake. Ya sake. Sai da Inuwa ya ce, "Baba, man zai ƙare."

Dangin Filibus kuwa sun tafi ransu a ɓace a ranar. Ishaya ya yi amfani da kwanakin dakatarwar ya hau mota har Kafanchan ya ba da haƙuri. Kawun ya saurare shi, ya kama hannun da ya ƙone ya jujjuya. Sannan ya ce, "Da ka faɗa mana, ai da mun raka ka." An ɗaura auren bayan girbi.

Sashen rini bai rufe ba. Daga wannan shekara zuwa yau, alluna da yawa a Challawa da Sharada da Bompai sun bi ta hannunsa: na tukunyar tururi, na ma'aunin sinadari a majema, na injin niƙa. Masu kamfani kan aiko da mota, shi kuma ya ce keke ya fi sauri. Duk inda ya je, kafin ya yi lissafin abin da zai fito, sai ya tambayi wuta nawa ake ba ƙwaron. Kuma ba ya barin wuri sai ya ga injin ya tsaya a inda ya kamata ya tsaya. Duk wanda ya zauna koyo a wurinsa, labarin Lahadin nan yake fara ji, da bakinsa, kafin a nuna masa yadda ake riƙe dalmar liƙa waya.

Na tambayi Ashafa, wanda yanzu shi ne helluman sashen, me zai ce. Ya ce, "Ni dai 'ya'yana sun ci tuwon Sallar nan. Ka rubuta haka kawai."

Na rubuta. Ishaya na Dorkas, dogo mai hana inji ƙarya, mun gode. Mun gode da ka koma ɗalibi da furfura a gaban sa'an ɗanka. Mun gode da yadin da muka ɗinka a shekarun da ba mu san da ƙyar yake fitowa ba. Allah ya saka maka da alheri, ya ba hannun nan lafiya, ya sa ka ga 'ya'yan jikokinka.

Ku kuma matasan da ke ɗakunan gyara, masu zare allo ku jefar ku jira na waje, jirgin nan ba lallai ya dawo ba. Ku koyi raba babbar da ƙaramar. Ku koyi gwada abu har iyakarsa. In kuka kuskure, ku riga kowa faɗa. Baba Ishaya na nan har ƙarshen wata. Kullum bayan an tashi yana tsayawa a gindin darbejiyar da ke bakin ƙofar masaƙa, da alli da mita, yana koyar da duk wanda ya tsaya, kyauta. Jiya na wuce, mutum uku na gani. Motar da za ta mayar da shi Zonkwa kuma an riga an yi mata magana.